Awa Ɗaya Cikin Kwana Bakwai

Ranar Litinin da safe daftarin rahoton ya shigo kwamfutata. Shafi sittin da huɗu. Na jefa jakata a kan kujera, na buɗe shi a tsaye, don shekara biyu ke nan ina jiran wannan takarda.

Ni mai binciken tattalin arziki ce, a wata cibiya da ke hawa na uku na wani tsohon gini. Mu biyu ne a ofis, ni da wata dattijuwa mai haɗa alƙaluma da kowa ke kira Kalkuleta, saboda kafin ka rufe baki ta ba ka amsar lissafinka. Aikin da ya ci mana shekara biyun nan shi ne bin sawun ma'aikatan kamfanonin takalma guda uku da suka rufe bayan gwamnati ta zabge kuɗin fito a kan takalman waje. Abin da ake son sani shi ne, mutanen nan ina suka shiga? Wata jami'a ta ƙetare ce ta kawo aikin, da kuɗinta da takardar tambayoyinta, kuma ƙasashe goma sha huɗu ake yi wa irinsa a lokaci guda. Shugaban aikin wani farfesa ne da muka laƙaba wa Mai Agogo, don ba ya gama magana bai dubi hannunsa ba. Sau biyu ya taɓa zuwa ƙasarmu, kowane zuwa kwana huɗu.

Mu kuwa mutum dubu ɗaya da ɗari biyu muka bi, gida-gida. Sunayen daga tsofaffin rajistocin ma'aikata muka kwafo su, a wani sito da ruwa ya ci rabin takardunsa. Adireshin wani ba ya wuce "bayan famfo", kuma famfon an tumɓuke shi tun tuni. An rufe mana ƙofa ana zaton masu haraji ne, kare ya yaga wa ɗaya daga cikin ma'aikatanmu wando, ni kaina na kwanta zazzaɓi sau biyu. Duk wannan ban taɓa ƙorafi a kansa ba, aiki ne.

A shafi na biyu na ci karo da jimlar. Wai kashi tamanin da ɗaya cikin ɗari na ma'aikatan sun sami sabon aiki cikin shekara uku, abin da ke nuna kasuwa ta karɓe su ba tare da wata babbar illa ba.

Sau uku na karanta.

"Yaya, zo ki duba min nan, ko idona ne."

Kalkuleta ta taso tana gyara tabarau, ta sunkuya, ta karanta. Ta yi ɗan tsaki.

"Tambaya ta goma sha huɗu ce," ta ce. "Da ita kaɗai suka yi aiki."

Na san tambayar kamar yadda na san sunana. Tana cewa: a cikin kwana bakwai da suka wuce, ka yi wani aiki da aka biya ka, ko da na awa ɗaya ne? Wanda ya ce e, ya zama mai aiki. Wanda ya ɗauki buhu biyu a tasha ranar Laraba mai aiki ne. Wadda ta wanke wa maƙwabta kaya sau ɗaya mai aiki ce. Amma ai ba ita kaɗai muka yi ba. Akwai ta goma sha biyar, awa nawa ka yi. Akwai ta goma sha tara, yara nawa ka cire daga makaranta. Waɗannan duk mun cike su, mun aika. Na bi shafi sittin da huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, ko ƙyallinsu babu.

"Duba jadawali na uku," in ji Kalkuleta. "Mutum ɗari tara da tamanin da shida. Ina sauran?"

Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu sun ɓace. A ƙasan jadawalin an rubuta da ƙananan haruffa cewa ba a same su ba, don haka an cire su. Ba a same su ba! Ni na same su. Saba'in da uku sun mutu, kuma na zauna da matansu, na rubuta abin da ya kashe kowanne. Sauran sun saki ɗakunan haya sun koma ƙauye wajen dangi, wasu sun tsallake iyaka babu ko sallama. Duk yana cikin fayil ɗin da na aika. Mutum ya rasa aiki, ya rasa kuɗin magani, ya mutu, sai a share shi daga lissafi, lissafin ya ƙara kyau.

Sai can daga baya na tuna ban ga sunana ba. Na koma shafin farko: Mai Agogo da ɗalibansa biyu, waɗanda ko filin jirginmu ba su taɓa gani ba. Ni ina ƙarshe, cikin godiya, tsakanin wanda ya gyara rubutu da kamfanin da ya ba mu hayar mota. An gode mini a kan "taimakon tattara bayanai". Kalkuleta ko wannan ba ta samu ba.

"Ni ai na saba," ta ce, ta koma kujerarta. "Wannan shi ne karo na shida. Ke ce sabon shiga."

Sunan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya hana ni zama a ranar wani abu ne daban. Na buɗe jerin lambobin na nemo ɗari huɗu da bakwai. Kowane mutum lamba muke ba shi don a ɓoye sunansa, sai dai wannan lambar na san mai ita. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina aji uku bayan rasuwar babana. Shekara ashirin da biyu yana shugaban sashen yankan fata a babban kamfanin. A gaban lambarsa an rubuta: ya koma fannin kasuwanci, yana cin gashin kansa.

Na ɗauki daftarin na nufi ofishin Darakta.

Ofishinsa ne kaɗai mai na'urar sanyi a duk cibiyar. Ya bar ni na yi magana har na gama, yana juya alƙalami a hannu.

"Dakta, zauna mana. Tun da kika shigo kike tsaye kamar wadda aka aiko."

"Ranka ya daɗe, wannan rahoton ƙarya ne."

"Da ƙarya ne da na ji daɗi," ya ce. "Da sai in ɗaga waya in ce a gyara. Nuna min adadi ɗaya da ba gaskiya ba a ciki."

Na duba, babu ko ɗaya.

"Kina zaton ban karanta ba? Tun jiya na karanta. Ni ma a unguwar nan ta bayan kamfani na tashi, na san abin da idona ke gani. Amma zagaye na biyu na aikin nan shekara uku ne, kuma mutum goma sha tara ke cin abinci a cibiyar nan. Gwamnati rabon da ta ba mu ko takardar rubutu tun kafin ki zo. In suka kai aikin wani wuri, ke za ki ciyar da su?"

"To mu zuba ido a ce mutanen da suka mutu ba a same su ba?"

"Ki rubuta wa farfesan. Cikin ladabi. Ki ce shawara ce."

Na rubuta. Shafi huɗu, da jadawali biyu da Kalkuleta ta haɗa mini, kuma na danne zuciyata na sa ladabin da aka ce. Kwana tara ina buɗe imel safe da rana. Amsar da ta zo layi biyu ce. Ya yaba da ƙwazona. Ya ce ma'aunin awa ɗaya shi ne wanda duniya ta amince da shi, in aka taɓa shi ba za a iya kwatanta ƙasashen goma sha huɗu ba, kuma yana ɗokin ganina a taron ƙaddamarwa.

Ranar Asabar da hantsi na tafi wajen Kawu.

Ƙofar kamfanin tana nan da sarƙarta, ciyawa ta fito ta tsakanin simintin. A jikin katangar masu kaya suka jeru. Kawu yana kan benci a gaban wata shimfiɗar leda, takalma jere a kanta ƙafa-ƙafa, duk na waje. Kayan wani ɗan kasuwa ne, shi kuma yana tsare masa ranar Juma'a da Asabar. Ya hango ni tun daga nesa.

"A'a, Uwata! Yau 'yan boko sun tuna da mu?"

Sunan kakata aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya matsa mini a bencin. Muna cikin gaisawa wata mata ta tsaya ta ɗauki wani baƙin takalmi na 'yan makaranta.

"Baba, wannan zai yi ƙarko?"

Kawu ya karɓa, ya lanƙwasa shi da hannu ɗaya. Bakin tafin ya buɗe kaɗan.

"Kin gani? Gam ne kawai, babu zare ko ɗaya. In yaron ba ya ƙwallo zai kai wata huɗu. In yana yi, ki dawo bayan sati shida."

Matar ta yi dariya, ta ajiye, ta wuce.

"Kawu, haka ake ciniki?"

"Mai kayan ma haka yake cewa. To me zan ce mata? Hannuna ya san fata, ba zai yi mata ƙarya ba."

Na fito da shafin da lambarsa take na karanta masa, na fassara masa a hankali. Ya saurara kansa a sunkuye. Da na zo wajen cin gashin kansa sai ya bushe da dariya har da tari.

"Ɗan kasuwa! Ni? Allah ya amsa bakinsu. Je ki gaya wa matata, ko ta daina yi min kallon da take yi."

"Kawu, ba abin dariya ba ne. Da wannan za su ce rufe kamfanin bai cuci kowa ba."

Dariyar ta tsaya. Ya ɗauki wani takalmi ya shiga goge shi da gefen rigarsa, alhali ba ƙura a jikinsa.

"Bari in gaya miki wani abu, Uwata. Ranar da yarinyar nan taku ta zo da takarda, a makon nan ko awa ɗayan ban yi ba. Lokacin ban ma sami wannan tsaron ba. Na ce mata e."

"Don me?"

"Matata tana zaune, ƙannenki suna zaune. Kuma na san takardar nan hannunki za ta je. Ni da na kai ki makaranta da hannuna, in rubuta miki cewa zaman banza nake yi? Na ce ina ɗan taɓa saye da sayarwa." Ya ajiye takalmin. "Kuma ba ni kaɗai ba. Tambayi duk wanda ke jikin katangar nan. Namiji da furfurarsa, baƙuwa ta shigo gidansa ta tambaye shi a gaban iyalinsa ko yana da aiki, me kike so ya ce?"

Shekara biyu ina alfahari da tsabtar aikina, ban taɓa tunanin wannan ba. Ni na horar da masu tambayar. Ni na ce su zauna a tsakar gida don mutane su saki jiki.

"Ni ban ce a hana talaka takalmi mai araha ba," in ji Kawu. "Yaran da ke zuwa makaranta ba takalmi a da, yanzu suna da shi, ina gani da idona. In an ce wannan riba ce, na yarda. Amma a faɗi wanda ya biya. Kada a zo a ce min na sami aiki."

An yi taron ƙaddamarwar bayan sati uku, a babban zauren wani otal. An ce ƙarfe goma, ba a fara ba sai sha biyu saura, saboda ana jiran Babban Sakataren ma'aikatar ciniki. An rataya ƙyalle mai faɗin bango, da 81% a tsakiyarsa, kowane adadi ya fi ni tsawo. A cikin jerin masu magana an ba ni minti biyar, in bayyana yadda aka tattara bayanai. Darakta ne ke jagorantar zaman. Da safe ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Dakta, minti biyar, motoci da rajista da godiya. Kin ji ko?" Na ce na ji.

Mai Agogo ya yi minti arba'in. Gaskiya ya iya magana. Ya nuna ƙasashe goma sha huɗu a layi ɗaya, tamu ta uku daga sama, aka tafa. Babban Sakatare ya tashi ya ce wannan bincike ya zo a kan gaɓa, domin gwamnati na duba yiwuwar rage kuɗin fito a kan kujeru da gadaje da sauran kayan katako, kuma masu kukan za a rasa ayyuka yanzu ga amsarsu daga masana. Aka sake tafawa.

Ashe ba a gama da masu takalma ba ma, an riga an auna wuyan kafintoci.

Da aka kira ni, na hau dandamali. Kalkuleta ce ke kula da majigi. Na dube ta, ta danna, jadawalinmu ya fito a bango.

Na ce, "An ce in faɗi yadda muka tattara bayanai. Mun tattara su a wajen mutum dubu ɗaya da ɗari biyu, ba ɗari tara da tamanin da shida ba. Saba'in da uku sun mutu kafin mu gama. Ga su nan a layin farko. Daga cikin waɗanda aka ce sun sami aiki, ɗari biyar da goma sha biyu ba sa yin awa goma sha biyar a mako. A da awa arba'in da takwas suke yi, da asibiti, da fansho. Gida ɗaya cikin uku ya cire yaro daga makaranta. Kuma ko wannan e ɗin da suka ce, ban yarda da ita duka ba, don mun tambaye su a gaban matansu da 'ya'yansu. Wannan kuskurena ne, ni na tsara haka."

Darakta ya fara ƙwanƙwasa kofi da alƙalami.

"Dakta, lokaci."

"Saura minti biyu, ranka ya daɗe, ina duba agogo." Wasu daga baya suka yi dariya. Na juya wajen Mai Agogo. "Farfesa, tambaya ɗaya gare ni. A jami'arku, in aka sallame ka, ka share wa maƙwabcinka ƙofar gida awa ɗaya ya ba ka wani abu, za ka rubuta a takarda cewa ka sami sabon aiki?"

Bai fusata ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Ya jawo makirfo ya yi murmushi. Ya ce ya fahimci damuwar abokiyar aikinsa, kuma irin wannan kishi abin yabo ne. Ya ce ma'aunin ba shi ya ƙirƙiro shi ba, a ko'ina da shi ake aiki. Maganar awoyi da mace-mace muhimmiya ce, amma tambaya ce ta daban, ta cancanci bincike na daban. Ya ce ba za a iya tabbatar da cewa rufe kamfani ne ya kashe mutanen ba, mutane suna mutuwa ko da kamfani ko babu.

"To a sa su a jadawalin, a rubuta cewa ba a tabbatar ba," na ce. "Me ya sa aka ce ba a same su ba? Na same su. Na san inda aka binne wasunsu."

Makirfona ya mutu. Ban san wanda ya ba da umarni ba, na dai ga mai kula da na'urar ya sunkuyar da kai. Babban Sakatare ya karkato wajen Darakta, ya manta nasa makirfon a kunne yake, duk zauren ya ji shi yana cewa, "Yarinyar nan taku akwai zafin kai. Tana da aure kuwa?"

Shekarata arba'in da ɗaya, da digiri uku, da 'ya'ya biyu. Na tattara takarduna na sauko.

A lokacin hutun shan shayi babu wanda ya matso kusa da ni, kamar mai cuta. Sai Mai Agogo da kansa ya zo, da kofi a hannu. Ya ce in gaskiya za a bi, akwai abin dubawa a maganata, zai sa a ƙara bayani. Na ce to ni zan rubuta tawa takardar da sauran tambayoyin, tunda shi ba ya bukatarsu. Ya dubi hannunsa. Ya ce yana jin ban karanta yarjejeniyar da kyau ba: duk bayanan mallakar jami'arsu ne har shekara biyar, ba mai buga komai da su sai da izininsu a rubuce.

"Ni na shiga gidajen nan," na ce.

"Kuma an biya cibiyarku," ya ce, a hankali, kamar mai lallashin yaro.

Da na koma ofis na nemo yarjejeniyar. Haka ne, sashe na tara. Da sa hannun Darakta, da nawa a ƙasa a matsayin shaida. Na sa hannu ne ranar da aka kawo aikin, ina ta murna, ban karanta ba. Mai digiri uku.

Bugaggen rahoton ya fito bayan wata biyu, da 81% a bangonsa. Ƙarin bayanin da aka yi mini alkawari yana shafi na hamsin da takwas, layi uku, yana cewa wasu daga cikin sababbin ayyukan na iya zama na ɗan lokaci. Matattun suna nan a matsayin waɗanda ba a samu ba. Zagaye na biyu ya zo, babu sunana a ciki. Darakta bai kore ni ba, ya mayar da ni kula da ɗakin karatu na cibiyar, ya ce in huta in sami natsuwa. Kwana uku ba ya amsa gaisuwata, a na huɗu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Abin da kika faɗa daidai ne. Wurin ne ba daidai ba." Na ce ya nuna mini wurin da yake daidai in je. Ya juya ya tafi.

Bayan wata takwas gwamnati ta rage kuɗin fito a kan kayan katako. A cikin sanarwar an ambaci rahotonmu sau biyu.

Sati biyu da sanarwar, ina jera mujallun da ba mai karantawa, aka yi sallama. Maza uku ne, hannayensu duk tabon aiki. Babbansu, wani mai farin gemu da ya rasa rabin ɗan yatsa, ya ce shi ne shugaban ƙungiyar kafintoci da masu ɗinkin kujeru.

"An ce ke ce kika yi magana a otal aka kashe miki na'ura."

"Ni ce, Baba. Amma ba abin da ta hana."

"Mun sani, ai mu abin ya faɗo wa. Ba wannan ya kawo mu ba." Ya zaro wani littafi mai kauri daga cikin leda ya ɗora a teburina. "Mu dubu biyu da ɗari uku ne, ga sunayenmu, da shagon kowa. Masu takalma sai da suka watse aka bi su. Mu muna so ki zo yanzu, tun muna tsaye a kan aikinmu, ki rubuta yadda muke. Bayan shekara ki dawo ki sake rubutawa. In mun ci gaba, ki faɗa. In mun lalace, ki faɗa. Kada wani ya zo daga baya ya ba da labarinmu."

Na gaya masa gaskiya: ba ni da mota, ba ni da ma'aikata, cibiyar ba za ta sa hannu ba, kuma ko na rubuta ba lallai manyan mujallu su buga ba.

"Mota muna da ita, ta ɗaukar katako ce, sai dai ki yi haƙuri da ƙusa. Masu rubutu kuma 'ya'yanmu mata sun yi makaranta, ki koya musu. Takardun a ofishinmu za su kwana, namu ne."

Na leƙa ofis na kira Kalkuleta. Ta buɗe littafin, ta bi shafuka da yatsa, ta ce, "Dubu biyu da ɗari biyu da casa'in da ɗaya ne, Baba. An maimaita mutum tara." Tsohon ya dubi abokansa, suka kwashe da dariya, ya ce wannan ita ma a zo da ita.

Darakta ya ji labari kafin la'asar. Ya aiko mini da takarda cewa duk abin da zan yi ranar Asabar da Lahadi ruwana ne, amma kada ya ga tambarin cibiyar a kai, kada kuma in taɓa injin buga takardu. Na rubuta "na gani" a ƙasa na mayar masa.

Mun fara da wani babban shagon kujeru a bakin titin da ke zuwa tashar jirgin ƙasa. Ƙarar zarto ba ta bari a ji magana, sai da muka riƙa fita da mutum ɗaya-ɗaya bayan shagon, mu zauna a kan guntayen katako. Ranar mutum arba'in da ɗaya muka rubuta. Zagayen farko ya ɗauke mu wata bakwai, don kwana biyu kawai muke da shi a mako, kuma motar ta lalace sau uku. Da muka gama, na bi ta gaban shagon farkon nan a kan hanyata ta komawa gida. An jera kujerun waje a ƙofarsa, cikin ledarsu, mai shagon ya koma sarinsu. Na shiga na ƙirga masu aiki. Mutum ashirin da shida. Na tambayi mai shagon ina sauran sha biyar, ya ba ni lambobin wayar tara, ya ce shidan bai san inda suka nufa ba. Na zauna a kan benci a cikin shagon na fara kiransu ɗaya bayan ɗaya.